Na ce wa tsohuwa "sorry" da nufin sannu, 'yarta ta ce na amsa laifi: ina neman shawara

Mai tambaya, daga Birmingham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Ingila da kuma malaman Turanci da ke zauren nan, domin abin ya tsaya mini a rai, ko barcin kirki ba na samu.

Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Akwai wata dattijuwa da nake yawan kula da ita, mun shaƙu sosai. Ranar Lahadi 'yarta ta zo duba ta. Ina bakin ƙofa riƙe da tiren shayi, ita 'yar tana jikin taga tana waya ta ba mu baya, sai tsohuwar ta yunƙura daga kujera ba ta jira kowa ba. Ƙarfen da take dogarawa ya goce, ta zube a kan kafet. Na dire tiren na ruga na durƙusa kusa da ita ina ta cewa "sorry, sorry". Alhamdulillahi babu karaya, gwiwar hannunta ce ta kuje ta ɗan tasa.

Sai 'yar ta juyo ta ce me na yi wa uwarta. Na ce ban yi mata komai ba, ban ma kusa da ita ba lokacin da ta faɗi. Ta ce to in ban yi komai ba, haƙurin me nake ta bayarwa? Washegari ta aika wa manaja ƙorafi a rubuce, a ciki ta ce ma'aikaciyar ta amsa laifinta nan take, da kunnenta ta ji. Yanzu an ce in rubuta nawa bayanin, kuma za a zauna da ni.

Ni dai tun ina firamare a Kano haka na san kalmar nan. Mutum ya yi tuntuɓe, "sorry". Ya ƙware yana cin abinci, "sorry". An yi masa rasuwa, "sorry". Malamanmu na makaranta ma haka suke faɗa. To mece ce ainihin ma'anarta a wurin masu harshen? Daga ina ta samo asali har ta zama ta amsa laifi? Faɗarta da na yi za ta iya zama hujja a kaina? Kuma nan gaba in wani ya ji ciwo a gabana me zan ce masa, tunda ba zan iya tsayawa ina kallonsa bakina a rufe ba? Takardar zamana a ƙasar nan a kan wannan aikin ta dogara, shi ya sa hankalina ya tashi haka.

Anti Nas, daga Manchester:

Wa alaikumussalam ƙanwata. Sannu, Allah ya kiyaye gaba. Ki kwantar da hankalinki, kusan duk wanda ya zo daga gida ya fara aikin jinya a nan ya taɓa karo da wannan, sai dai naki ya haɗu da 'ya mai zafin zuciya a kan uwarta.

Ga yadda abin yake a kunnensu. In abu ya faru yanzu-yanzu a gabanki, kika ce "sorry" ita kaɗai ba ki ɗora mata komai ba, abin da Bature ke ji shi ne "ni na jawo". Shi ya sa in kika faɗa wa abokiyar aikinki da ta buge ƙafa da gado, za ta kalle ki ta ce "it's not your fault", wato ai ba laifinki ba ne. Ba rashin tausayi ke sa su haka ba. Su ma suna jajanta wa juna, amma da wasu kalmomin. In mutum ya faɗi, abin da ke fara fitowa daga bakinsu tambaya ce: "Are you all right?" ko "Are you hurt?", wato lafiya dai, ko kin ji ciwo? Tsofaffin matan nan kuma za ki ji suna cewa "oh dear" ko "you poor thing", wanda shi ne ayya ɗinmu. Waɗannan su ne sannunsu.

Amma kada ki ɗauka ba sa jaje da "sorry". Suna yi, sai dai suna ɗora mata abin da ke nuna dalili. "I'm sorry to hear that", in an ba ki labari mara daɗi. "I'm sorry for your loss", wajen ta'aziyya. "I'm sorry this happened to you", in abu ya sami mutum. Duk waɗannan ba wanda zai ce kin amsa laifi. Abin da ke biye da kalmar shi ke raba jaje da ban haƙuri.

Maganar bayanin da aka ce ki rubuta, wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci yanzu. Ki rubuta abin da idonki ya gani a jere: ƙarfe nawa ne, ina kike tsaye, me ke hannunki, ina 'yar take, yadda tsohuwar ta tashi, me kika yi bayan nan, wa kika kira. Kada ki zagi kowa, kada ki yi hasashen abin da ke zuciyar 'yar. Sannan ki sa layi biyu ki ce a Turancin Najeriya ana cewa "sorry" don nuna tausayi ga wanda ya ji ciwo ko da mai faɗa ba shi da hannu a ciki, kuma da wannan nufin kika faɗa. In tsohuwar da hankalinta, ki nemi a tambaye ta ita ma. Ina fata dai ba ki ɗaga ta ba kafin a duba ta, domin a irin wannan bincike sun fi damuwa da wannan fiye da abin da bakinki ya furta.

Wani ɗan'uwa, daga Landan:

Hajiya shawarata gajeriya ce: ki cire kalmar nan daga bakinki kwata-kwata a wurin aiki. Ni direba ne, kuma abin da ake gaya mana shi ne ko an yi karo kada ka amsa laifi a bakin titi, ka bar kamfanin inshora ya yi magana. Kalmar daga "sorrow" aka ciro ta, wato baƙin ciki da nadama, kin ga kuwa nadama sai mai laifi. Yadda muke amfani da ita a gida gurɓataccen Turanci ne kawai, mu yarda da haka mu gyara.

Malamin Turanci, daga Zariya:

Ɗan'uwa na Landan, Allah ya saka da alheri, amma a wuri biyu ban yarda da kai ba, kuma ina ganin bayanin zai sanyaya wa 'yar'uwarmu rai.

Na farko, "sorry" ba daga "sorrow" ta fito ba, duk da cewa Turawan kansu da yawa haka suke zato. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila kafin shekara ta 1100, kalmar "sarig" ce, da dogon wasalin a. Tushenta "sar", ma'anarsa ciwo ko raɗaɗi. Wannan "sar" ɗin shi ne ya zama "sore" na yau, wanda ke cikin "sore throat", ciwon maƙogwaro. Ɗafin "-ig" kuwa shi ke mayar da suna ya zama siffa, kuma shi ne ya koma "-y": "halig" ta zama "holy", "blodig" ta zama "bloody". Saboda haka asalin ma'anar "sarig" ita ce mai jin ciwo, wanda abu ke yi wa zafi a jiki ko a zuciya. Babu laifi a cikinta, babu tuba.

Ta yaya wasalin a ya koma o? Wannan sauyi ne da ya ratsa harshen a kudanci da tsakiyar Ingila bayan wancan zamani. "Stan" ta zama "stone", "ham" ta zama "home", "bat" ta zama "boat", haka "sar" ta zama "sore", "sarig" kuma ta zama "sory". Ita "sorrow" gidansu daban: daga "sorg" ta fito, mai nufin damuwa. Da yake ma'anoninsu sun yi kusa kuma sautinsu ya yi kama, sai mutane suka riƙa haɗa su, wasalin "sory" ya gajarce, aka ƙara mata r ta biyu ta yi kama da maƙwabciyarta. Jamusanci ya riƙe su a rarrabe har yau. "Sorge" ita ce damuwa. "Sehr" kuwa, wadda yanzu ke nufin ƙwarai ko sosai, 'yar'uwar "sore" ce, asalinta abin da ya kai har ya yi zafi.

To in an fahimci wannan, sai a ga yadda ma'anar ta yi tafiya. "I am sorry" asalinta "abin ya yi mini ciwo". In abin da ya yi mini ciwo rasuwar mahaifinka ce, ta'aziyya ke nan. In kuma abin da ya yi mini ciwo taka ka da na yi ne, ban haƙuri ke nan. Kalmar ba ta faɗin wanda ya jawo ciwon, yanayi ne ke faɗa. Yanke ta a faɗe ta ita kaɗai, "Sorry!", a matsayin ban haƙuri, wannan sabon abu ne in an kwatanta da shekarunta: a ƙarni na 19 ya bayyana a rubuce. Daga nan ya yi ƙarfi a Ingila har ya zama in an ji ta tsirara, can hankali ke fara zuwa.

Na biyu, batun gurɓatacce. Mu muna da sannu, Yarbawa suna da "pele", Ibo suna da "ndo", masu Suwahili a gabashin Afirka suna da "pole". Duk al'ummomin nan suna da kalma guda da ake jefa wa wanda wahala ta sama, kuma rashin faɗarta rashin tarbiyya ne. Da Turanci ya zo ba shi da kalma ɗaya tak mai wannan aiki, sai kakanninmu suka ɗauki wadda ta fi kusa suka ɗora mata. Kuma sun zaɓa daidai, domin sun koma da ita kan ma'anarta ta farko, ta jin zafin abin da ya sami wani. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Turancin Najeriya nau'i ne da masana suka amince da shi, kamar na Indiya ko na Ostireliya. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga Najeriya, ciki har da "okada", "danfo" da "Kannywood".

Inda na yarda da kai shi ne, wanda ke zaune a Birmingham da mutanen Birmingham yake magana, dole ya san yadda kunnensu ke ji. Wannan sanin wuri ne. Amma kada 'yar'uwa ta shiga ɗakin manaja tana jin cewa jahilci ta yi.

Mai tambaya:

Malam na gode, wallahi ban taɓa sanin tana da alaƙa da ciwo ba. Anti, ban ɗaga ta ba, na danna ƙararrawa nas ta zo ta duba ta tukuna. Amma har yanzu maganar hujja ce ke damuna.

Ɗan'uwa mai aikin lauya, daga Leeds:

'Yar'uwa, abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, ba zai maye gurbin zama da wanda zai ga takardunki ba, amma ya kamata ki san shi.

Wannan ruɗani da ya same ki ba baƙi kaɗai yake samu ba. Ya dami Turawan kansu har sai da suka yi masa doka. Likitoci da ma'aikatan jinya sun daɗe suna tsoron cewa "sorry" ga iyalan majinyaci don kada a kai su kotu da ita, iyalai kuma suna ƙara fusata saboda ba wanda ya nuna musu ya damu. A Ingila da Wales, sashe na 2 na dokar biyan diyya ta 2006 ya ce ban haƙuri, ko tayin magani, ko tayin gyara ɓarna, shi kaɗai ba ya zama amsa laifin sakaci. Scotland ta yi tata dokar ta ban haƙuri a 2016. A Kanada, lardin British Columbia ya yi a 2006, Ontario a 2009. A Amurka jihar Massachusetts ce ta fara tun 1986, sai dai jihohi da yawa a can kalaman jaje kawai suke karewa, in ka fito fili ka ce "ni na yi kuskuren" ana iya amfani da shi.

Ƙari a kan haka, a fannin da kike aiki akwai ƙa'idar faɗin gaskiya, ƙa'ida ta 20 cikin ƙa'idojin 2014 da hukumar CQC, mai duba asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a Ingila, ke sa ido a kansu. Ta biyo bayan rahoton binciken da lauya Robert Francis ya fitar a 2013 kan sakacin kula da majinyata a asibitin Stafford. Ta wajabta wa asibitoci da gidajen kula da tsofaffi cewa in wani abu mai cutarwa ya sami wanda suke kula da shi, su sanar da shi ko iyalinsa, kuma su ba da haƙuri. Ita hukumar ta bayyana cewa wannan ban haƙurin ba amsa laifi ba ne. Ke nan manajarki ta san wannan sarai, ko ya kamata ta sani, domin ita ma doka na sa ta faɗi kalmar da ake tuhumarki da ita. A nan nake ganin shawarar ɗan'uwa direba ba ta dace da aikinki ba. Ma'aikaciyar kula da tsofaffi da ba ta nuna damuwa in an ji ciwo, wannan ma abin ƙorafi ne.

Abin lura: waccan doka ta 2006 maganar ƙarar diyya take yi. Binciken cikin gida na wurin aiki daban ne, shi abin da ya faru yake nema, kuma nan ne rubutaccen bayaninki zai yi aiki. Ki tambaye su a rubuce wane irin zama ne. In na bincike ne kawai, kina iya roƙon a bar ki ki zo da wani. In kuma na ladabtarwa ne, dokar hulɗar ƙwadago ta 1999 ta ba ki haƙƙin zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Hukumar ACAS, mai sasanta ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, tana ba da shawara kyauta ta waya. Ki nemi kwafin ƙorafin da na rahoton faɗuwar da nas ta cike, kuma kada ki sa hannu a kan takardar da ba ki karanta a natse ba.

Wata 'yar'uwa, daga Ngaundere:

Sannu 'yar'uwa, Allah ya fid da ke. Mu a Kamaru muna da "ashiya". Mai Turanci na faɗa, mai Faransanci na faɗa, ga mara lafiya, ga mai ɗauke da kaya, ga wanda aka yi wa rasuwa. Ba wanda ke jin ta a matsayin amsa laifi. Maganar Malam gaskiya ce, duk yankinmu haka muke.

Wani ɗan'uwa, daga Maraɗi:

Haka ne. A Faransancinmu na nan in mutum ya yi tuntuɓe sai ka ji an ce masa "doucement", wato a hankali, bayan ya riga ya faɗi. Bafaranshe kan ɗauka faɗa ake yi masa don bai kula ba, alhali sannu ake yi masa. Malam na Zariya, tunda ka buɗe mana wannan babi, mene ne bambancinta da "apologise" da "pardon" da "excuse me"? Yaranmu masu zuwa karatu Najeriya da Gana suna rikicewa da su.

Malamin Turanci:

Tambaya mai kyau. A cikinsu "sorry" ce kaɗai 'yar gida. "Pardon" da "excuse" daga Faransanci suka shigo, cikin dubban kalmomin da suka kwararo bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. "Apology" kuwa asalinta Girkanci ne, kuma abin mamaki ma'anarta ta farko kare kai ce. Jawabin da masanin falsafar Girka Socrates ya yi a gaban kotun Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, da wannan suna ake kiransa, alhali bai ba kowa haƙuri a cikinsa ba, hujjojinsa ya kawo. Daga baya ne a Turanci ta juya ta zama neman afuwa. Yau in ka ce "I apologise" ka ɗauki alhaki ke nan, babu wata fassara. Ba a yin ta'aziyya da ita. Wanda ya je gidan makoki ya ce "I apologise" ya jawo wa kansa tambaya.

"Excuse me" kafin abu ake faɗarta, kamar gafara dai: kana son wucewa, ko kana son katse magana. "Sorry" bayan abu. Amma mutanen Ingila sun cakuɗa wannan, suna cewa "sorry" in za su wuce ka a bas, in za su tambaye ka hanya, har in kai ne ka taka su. A nan ba tuba ba ce, man shafawa ce kawai ta mu'amala. In kuma aka ɗaga murya a ƙarshenta, "Sorry?", ma'anarta me ka ce, ban ji ba.

Akwai wasu guda uku da ya kamata a kiyaye. "I feel sorry for you" tausayi ne, amma sau da yawa da raini a ciki, kada a faɗa wa mara lafiya. "A sorry state" na nufin abu ya lalace ya zama abin takaici, kuma wannan ma'ana tsohuwa ce, ta ɗaruruwan shekaru. "You'll be sorry" kuwa barazana ce, za ka yi da-na-sani.

Baba ɗan jarida mai ritaya, daga Kaduna:

'Yata, na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina so ki san cewa fuska biyun kalmar nan ta taɓa shiga tsakanin manyan ƙasashen duniya. Muna ɗakin labarai lokacin.

Ranar 1 ga Afrilun 2001 jirgin leƙen asirin Amurka ya yi karo da jirgin yaƙin Sin a sama kusa da tsibirin Hainan. Matuƙin Sin, Wang Wei, ya mutu. Jirgin Amurka ya yi saukar gaggawa a tsibirin, Sin ta tsare mutum 24 da ke cikinsa, ta ce sai Amurka ta nemi afuwa. Gwamnatin George Bush ta ce ba ta yi laifin da za ta nemi afuwa ba. Aka yi kwana 11 ana ja. Abin da ya warware rikicin wasiƙa ce da jakadan Amurka a Beijing, Joseph Prueher, ya miƙa, inda aka rubuta "very sorry" sau biyu: ɗaya kan rashin matuƙin, ɗaya kan shigar jirgin da saukarsa ba tare da izinin baki ba. Sin ta gaya wa mutanenta an ba ta haƙuri. Amurka ta gaya wa nata alhini kawai ta nuna. Aka saki mutanen. Da "apologise" aka rubuta, da ba wanda zai iya wannan fassara biyu.

A Ostireliya kuma akasin haka aka yi. Bayan rahoton 1997 kan 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da hukuma ta riƙa ƙwacewa daga iyayensu, jama'a suka nemi gwamnati ta ce "sorry". Firaminista John Howard ya ƙi, ya tsaya a kan "regret", wato takaici, domin a ganinsa waccan kalmar ɗaukar laifin magabata ce. Mutane suka ware ranar 26 ga Mayu, tun daga 1998, da sunan kalmar. A shekara ta 2000 dubban ɗaruruwa suka taka gadar Sydney, jirgi ya rubuta kalmar da hayaƙi a sama a kansu. Sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 sabon Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya faɗe ta.

Ina kawo wannan ne don ki fahimci ita 'yar ma. Ta juyo ta ga uwarta a ƙasa, ba ta ga yadda aka yi ba, ta ji kalmar da a Ostireliya shugabanni suka shekara goma suna gudun furtawa. Ba lalle mugunta ce ta sa ta rubuta ƙorafin ba. Tsoro ne, wataƙila da jin nauyin cewa tana ɗakin abin ya faru. In kika shiga zaman kina kallonta a haka, maganarki za ta fi taushi, kuma za a fi saurarenki.

Mai tambaya:

Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Manaja ta ce zaman na bincike ne, kuma mai yiwuwa daga baya a haɗa ni da 'yar mu yi magana. In an haɗa mu me zan ce mata? Ina tsoron in sake buɗe baki kalmar ta fito.

Anti Nas:

In ta fito ma ba komai, ƙanwata, muddin kin ɗora mata abin da ke bayanta. Ki fara da uwar, kada ki fara da kanki. Ki ce "I'm sorry your mum was hurt, I care about her very much", wato ban ji daɗin ciwon da mamanki ta ji ba, ina ƙaunarta ƙwarai. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta ɗora miki komai ba. Sai ki faɗi inda kike tsaye da abin da kika gani, a gajarce, kamar yadda yake a takardarki. Sannan ki bayyana mata cewa a inda kika taso, ana faɗin kalmar ga duk wanda ya ji ciwo, kuma kin gane yadda ta ji ta a lokacin. Ki tsaya nan. Kada ki ce mata ai waya take yi, manaja za ta gani a rubuce ba sai kin faɗa ba. Kada kuma ki ce "I apologise" don a zauna lafiya, tunda kin ji bayanin Malam.

Abin da zai fi ɗaga darajarki a idon manaja shi ne ki zo da shawara kan yadda za a hana sake faɗuwa: a sake duba haɗarin faɗuwarta a tsarin kula da ita, a duba robobin ƙafar ƙarfen nan ko sun cinye, a ga ko tana buƙatar tabarmar nan mai ƙara in ta tashi daga kujera. Mai wannan tunani ba a yi mata kallon mai sakaci.

Game da bakinki kuma, ki riƙa maimaita "Are you all right?" a gida har ta zauna, domin lokacin firgita abin da harshe ya saba shi yake fitarwa. Tsakaninmu 'yan gida kuwa ki ci gaba da sorry ɗinki da sannunki, mun san abin da kike nufi. Ki turo mini abin da kika rubuta ta akwatin saƙo kafin ki miƙa, yau aikin dare nake yi, zan duba miki lokacin hutu.